Nassi Ɗaya, Zamani Dabam: Yadda Kotunan Duniya Ke Fassara Yarjejeniyoyin Haƙƙin Ɗan'adam

Sashe na 3 na Yarjejeniyar Turai kan Haƙƙin Ɗan'adam jimla ɗaya ce tak, wadda ta haramta azabtar da mutum, ko yi masa mugunta, ko wulaƙanta shi, kuma tun da aka rattaba hannu a kan yarjejeniyar a birnin Roma a 1950 ba a ƙara wa wannan jimla ko da harafi ɗaya ba. Amma abin da take hanawa a yau ya zarce abin da take hanawa a wancan lokaci nesa ba kusa ba. A watan Janairun 1978 Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan'adam da ke Strasbourg ta yanke hukunci a ƙarar da ƙasar Ayalan ta shigar da Birtaniya game da dabaru biyar da jami'an tsaro suka yi amfani da su wajen tatsar bayanai daga tsararru a Arewacin Ayalan a 1971, wato tsayar da mutum a jikin bango na tsawon sa'o'i, da rufe masa kai, da sakar masa ƙara mai damun kunne, da hana shi barci, da rage masa abinci da ruwan sha. Kotun ta ce wannan mugunta ce da wulaƙanci, amma bai kai matsayin da za a kira shi azabtarwa ba. Shekara 21 bayan haka, a shari'ar Selmouni da Faransa ta 1999, wadda ta shafi wani mutum da ya sha duka da cin zarafi a hannun 'yan sanda, kotun ta fito fili ta ce wasu ayyukan da a da aka ɗauke su mugunta kawai za a iya kiran su azabtarwa nan gaba, domin ma'aunin kare mutuncin ɗan'adam yana ƙara tsauri.

Kalamin da ya buɗe wannan ƙofa an yi shi ne a watan Afrilun 1978, a shari'ar Tyrer, wani yaro ɗan shekara 15 da kotun yara a tsibirin Man ta sa aka yi wa bulala uku. Hukumomin tsibirin sun kafa hujja da cewa jama'arsu na goyon bayan wannan horo, kuma yana hana ɓarna. Kotun Strasbourg ta amsa da cewa yarjejeniyar aba ce mai rai, wadda dole a fassara ta gwargwadon halin da ake ciki a yau, kuma ba za ta kau da kai daga yadda ƙasashen Turai suka daina yi wa masu laifi bulala ba. Tun daga nan kusan duk wata gardama a kan fassarar yarjejeniyoyin haƙƙin ɗan'adam take komawa ga wannan kalami, ko dai don a jingina da shi, ko don a soke shi.

Tambayar farko ita ce wa ya ba alƙalai wannan izini. Yarjejeniya alkawari ne tsakanin ƙasashe masu cin gashin kansu, kuma ƙasa ba ta ɗaukar nauyin da ba ta amince da shi ba. Ƙa'idojin fassara suna cikin Yarjejeniyar Vienna kan Dokar Yarjejeniyoyi ta 1969, inda sashe na 31 ya ce a fassara nassi da kyakkyawar niyya, bisa ma'anar da kalmominsa suka saba ɗauka, a cikin mahallinsu, tare da la'akari da manufa da maƙasudin yarjejeniyar. Sashen ya ƙara da cewa a duba yadda ƙasashe suka riƙa aiki da yarjejeniyar daga baya, da kuma sauran dokokin ƙasa da ƙasa da suka hau kansu. Bayanan tattaunawar da aka yi lokacin rubuta yarjejeniya kuwa, sashe na 32 ya ajiye su a matsayin madogara ta biyu, wadda ake komawa gare ta don tabbatar da ma'ana ko warware shubuha. Wannan jeri kaɗai ya riga ya karkatar da ma'auni, domin ya fifita abin da aka rubuta da dalilin rubuta shi a kan abin da ke zuciyar marubutan a ranar da suka rubuta.

Ba kotunan haƙƙin ɗan'adam ne kaɗai ke bin wannan hanya ba. Kotun Duniya da ke birnin Hague, a ra'ayin da ta bayar kan Namibiya a 1971, ta ce amanar mulkin Namibiya da aka ɗora wa Afirka ta Kudu bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya dole a karanta ta tare da ci gaban da dokar ƙasa da ƙasa ta samu a shekaru hamsin da suka biyo baya, musamman 'yancin al'ummomi na zaɓar makomarsu. A 2009 kuma, a rikicin Kosta Rika da Nikaragwa kan kogin San Juan, ta yanke cewa kasuwancin da yarjejeniyar 1858 ta ambata ya haɗa da jigilar masu yawon buɗe ido, bisa hujjar cewa idan ƙasashe suka zaɓi kalma mai faɗi a cikin yarjejeniyar da ba a sa mata wa'adi ba, to ana ɗauka sun yarda ma'anarta ta tafi da zamani. Idan haka ta kasance ga yarjejeniyar kogi, to yarjejeniyar da ke magana a kan wulaƙanci da rayuwar iyali da shari'a ta adalci ta fi cancanta da hakan, tun da waɗannan kalmomi ba su da iyaka a cikin kansu, kuma ƙasashen da suka zaɓe su su ne suka kafa kotu ta dindindin don ta riƙa faɗin abin da suke nufi.

Akwai kuma wani bambanci da kotunan suka sha nanatawa. A yarjejeniyar ciniki ko ta kan iyaka, kowace ƙasa tana bayarwa ne don ta karɓa, saboda haka tsohuwar al'ada ita ce a taƙaita fassara don kada a ɗora wa ƙasa abin da ba ta saya ba. A yarjejeniyar haƙƙin ɗan'adam, wanda ke cin moriyar alkawarin ba wata ƙasa ba ce, mutum ne da ke ƙarƙashin ikon ƙasar da ta yi alkawarin, kuma shi bai zauna a teburin tattaunawa ba. Daga nan ne kotun Turai ta fitar da ƙa'idar cewa haƙƙi dole ya zama mai aiki a zahiri, ba na kan takarda kawai ba. A shari'ar Golder ta 1975, wani fursuna da aka hana shi ganin lauya don ya kai ƙarar wani gandiroba ya yi nasara, ko da yake sashe na 6 bai ambaci 'yancin zuwa kotu ba, ya dai fayyace yadda shari'a za ta gudana idan an riga an shiga. Kotun ta ga cewa babu ma'ana a tsara adalcin cikin zauren shari'a idan gwamnati na da ikon kulle ƙofarsa. Alƙali Gerald Fitzmaurice, ɗan Birtaniya, ya ƙi yarda, yana mai cewa abin da ƙasashe ba su rubuta ba, ba aikin alƙali ba ne ya rubuta musu. Hujjarsa ba ta yi rinjaye ba a ranar, amma har yau da ita masu sukar kotun suke magana.

Wurin da lamarin ya fi sarƙaƙiya shi ne yadda kotu za ta gane cewa zamani ya canja. Kowa ya san cewa idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma wane ne zai tabbatar da cewa kiɗan ya sauya, kuma da wace shaida? Amsar kotun Turai ita ce ta ƙirga dokokin ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar, ta ga ko an samu ijma'i a tsakaninsu. Wani lokaci ƙirgen a bayyane yake. A shari'ar Bayatyan da Armeniya ta 2011, kotun ta juya wa tsohuwar fahimta baya, ta ce ɗaure mutumin da ya ƙi aikin soja na dole saboda imaninsa ya saɓa wa 'yancin addini, domin kusan dukkan ƙasashen sun riga sun tanadi wani aikin farar hula a madadinsa. Batun hukuncin kisa ya fi nuna haƙurin wannan hanya. Sashe na 2 ya halatta shi ƙarara, saboda haka a shari'ar Soering ta 1989 kotun ta ƙi cewa hukuncin kisa a kan kansa haramtacce ne, ta tsaya a kan cewa miƙa matashin da ya shigar da ƙarar ga jihar Virginia ta Amurka, inda zai shafe shekaru yana jiran ranar mutuwarsa, shi ne muguntar. Sai da ƙasashe da kansu suka amince da ƙarin yarjejeniya ta 6 a 1983 da ta 13 a 2002, kusan dukkansu suka soke hukuncin, sannan a 2010, a shari'ar wasu 'yan Iraƙi biyu da sojojin Birtaniya suka miƙa wa hukumomin Iraƙi, kotun ta ce alamu masu ƙarfi sun nuna cewa aikin ƙasashe ya riga ya gyara sashen. A nan kotu ta biyo bayan ƙasashe ne, ba ta sha gabansu ba.

Wani lokaci kuwa ƙirgen yakan yi rauni. A shari'ar Marckx da Beljiyam ta 1979, kotun ta yarda cewa a 1950 ƙasashe da yawa na ganin bambanta ɗan da aka haifa ba ta hanyar aure ba a matsayin abu na yau da kullum, amma ta ce an wuce wurin, tana dogaro har da wasu yarjejeniyoyi biyu da ƙasashe ƙalilan ne suka tabbatar da su a lokacin. Sakamakon ya yi daidai da adalci, domin jariri ba shi da laifi a yadda aka haife shi, amma shaidar da aka kafa ta fi kama da hasashen inda ake dosa fiye da bayanin inda aka iso. Kotun ta san akwai iyaka, kuma ta faɗe ta a shari'ar Johnston da Ayalan ta 1986, inda ta ƙi fitar da 'yancin sakin aure daga 'yancin yin aure, saboda bayanan tattaunawa sun nuna cewa da gangan marubutan suka bar shi a waje.

Babban aibin dogaro da ijma'in ƙasashe shi ne cewa an ƙirƙiri haƙƙin ɗan'adam ne don ya kare wanda ba shi da rinjaye, ga shi kuma an mayar da ra'ayin masu rinjaye ma'aunin faɗinsa. Idan babu ijma'i, kotun kan bar wa ƙasa sarari ta yi amfani da nata hangen, ƙa'idar da ta kafu tun shari'ar Handyside ta 1976, bisa hujjar cewa hukumomin cikin gida sun fi alƙalin waje sanin halin al'ummarsu. Hujja ce mai ma'ana, amma faɗin sararin yana hannun kotun, kuma ba kullum take auna shi da mudu ɗaya ba. Dokar Faransa ta 2010 da ta hana rufe fuska a bainar jama'a misali ce mai kyau. A hukuncin 2014 kotun ta amince cewa in ban da Beljiyam babu wata ƙasa a cikin yarjejeniyar da ta kafa irin wannan doka a lokacin, ta ƙi karɓar hujjar daidaiton jinsi, ta ce barazanar tsaro ba ta kai a yi haramci na bai-ɗaya ba, amma duk da haka ta bar dokar ta tsaya bisa dalilin kiyaye zamantakewa, dalilin da babu shi a jerin waɗanda yarjejeniyar ta ambata ƙarara. Alƙalai 15 suka goyi baya, biyu suka ƙi. Shekara huɗu bayan haka Kwamitin Haƙƙin Ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, yana fassara yarjejeniyar 'yancin jama'a da siyasa ta 1966, ya duba ƙorafin wasu mata biyu da aka ci tararsu saboda niƙabi, ya ce Faransa ta tauye musu 'yancin addini kuma ta nuna musu wariya. Doka ɗaya ce, ƙasa ɗaya, zamani ɗaya, sassan da aka duba kuma kusan kalmominsu ɗaya, amma hukunci ya zo biyu. A ganina wannan ya isa ya nuna cewa halin da ake ciki a yau ba abu ba ne da alƙali ke tsinta a ajiye, zaɓa yake yi daga cikin abubuwa da yawa da ke faruwa a lokaci guda.

Kotun nahiyar Amurka da ke San José a Kosta Rika ba ta cika jiran ijma'i ba, kuma tarihin yankin ya bayyana dalili. Ta fara aiki ne a 1979, lokacin da gwamnatocin soja ke mulkin ƙasashe da dama, kuma da ta ce za ta ƙirga abin da gwamnatoci ke yi, da ta ƙirga ɓatar da mutane da kisan gilla. A shari'ar Velásquez Rodríguez da Honduras ta 1988, wadda ta shafi wani ɗalibi da aka sace a 1981 ba a sake ganinsa ba, kotun ta ɗauki kalmar tabbatarwa da ke sashe na 1 na yarjejeniyar haƙƙin ɗan'adam ta nahiyar Amurka ta 1969, ta fitar daga cikinta wajibcin hana ta'asa da bincikenta da hukunta masu ita da biyan diyya. A 2001 ta ce dokokin afuwa da Peru ta kafa don kare jami'an da suka yi kisa ba su da wani tasiri a shari'a, kuma a shekarar ce ta yanke, a ƙarar al'ummar Awas Tingni da Nikaragwa, cewa 'yancin mallakar dukiya ya haɗa da ƙasar da 'yan asalin wuri suka gada suke riƙe da ita a tare, ko da babu takardar mallaka. Madogararta ita ce sashe na 29, wanda ya hana a fassara yarjejeniyar ta hanyar da za ta rage wa mutum haƙƙin da wata doka ta ba shi.

A Afirka ma marubutan da kansu ne suka buɗe taga, domin sashe na 60 da na 61 na Yarjejeniyar Afirka ta 1981 sun umarci hukumar haƙƙin ɗan'adam ta Afirka da ke Banjul ta nemi haske daga sauran dokokin ƙasa da ƙasa. Matsalar wannan yarjejeniya ita ce sassa da yawa sun ba da haƙƙi da hannun dama sun karɓe da hagu, ta hanyar cewa mutum na da 'yancin faɗin albarkacin bakinsa a cikin iyakar doka. Da an bi zahirin lafazin, da kowace dokar soja ta isa ta shafe haƙƙin. A ƙararrakin da suka taso daga rufe jaridu a zamanin mulkin soja a Nijeriya, hukumar ta yanke a 1998 cewa dokar cikin gida ba za ta rinjayi yarjejeniyar ba, in ba haka ba babu amfanin rubuta ta. A 2001, a ƙorafin da ya shafi al'ummar Ogoni, ta ce 'yancin samun muhalli da abinci suna ƙunshe a cikin 'yancin rayuwa da lafiya da dukiya da kare iyali, ko da yake ba a ambace su da suna ba.

Kada a ɗauka cewa tafiyar gaba kawai take yi. Kotun Duniya, wadda a shari'ar Diallo ta 2010 ta ce tana ba fassarar Kwamitin Haƙƙin Ɗan'adam nauyi mai yawa, ita ce a 2021 ta saɓa wa kwamitin yaƙi da wariyar launin fata a ƙarar Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ta ce asalin ƙasa da yarjejeniyar yaƙi da wariyar launin fata ta 1965 ta ambata bai haɗa da takardar zama ɗan ƙasa da mutum ke riƙe da ita a yanzu ba, kuma ta koma ga bayanan tattaunawa don ƙarfafa matsayinta.

Abin da ya fi taka wa kotuna birki shi ne martanin ƙasashe, domin babu kotun haƙƙin ɗan'adam ta ƙasa da ƙasa da ke da 'yan sanda ko gidan yari. Bayan hukuncin Hirst na 2005, wanda ya ce hana dukkan fursunoni jefa ƙuri'a ba tare da bambancewa ba ya saɓa wa yarjejeniyar Turai, majalisar wakilan Birtaniya ta kaɗa ƙuri'a 234 da 22 a 2011 don a ci gaba da haramcin, kuma ba a rufe batun ba sai a 2018, bayan wani ɗan gyara da ya shafi fursunoni kaɗan. Ƙasashen sun kuma rubuta ƙa'idar bar wa ƙasa sarari a cikin gabatarwar yarjejeniyar ta hanyar ƙarin yarjejeniya ta 15, wadda ta fara aiki a 2021. A Afrilun 2024, da kotun ta yanke cewa gazawar Suwizalan wajen ɗaukar isassun matakai kan sauyin yanayi ta tauye haƙƙin rayuwar mutum da iyalinsa, a ƙarar da wata ƙungiyar dattawan mata ta shigar, majalisun ƙasar biyu sun fitar da sanarwa cewa kotun ta wuce gona da iri. A wasu wuraren martanin ya fi haka muni. Trinidad da Tobago ta fice daga yarjejeniyar nahiyar Amurka a 1998, Benezuwela ta bi sahu a 2012. Kotun ƙungiyar ƙasashen kudancin Afirka, wadda ta fitar wa kanta hurumin sauraron ƙorafin haƙƙin ɗan'adam daga wasu ƙa'idoji na gaba ɗaya, ta kuma yanke wa Zimbabwe hukunci kan ƙwace gonaki a 2008, an dakatar da ita a 2010. Kotun Afirka da ke Arusha kuwa ta ga Ruwanda a 2016, da Tanzaniya mai masaukinta a 2019, da Benin da Kodebuwa a 2020, sun janye izinin da ya ba talaka da ƙungiyoyi damar kai ƙara kai tsaye.

Ba daidai ba ne a ɗora wa salon fassara laifin duk waɗannan. Yawancin ƙasashen da suka janye daga kotun Arusha sun yi hakan ne bayan hukunce-hukuncen da suka taɓa 'yan adawa ko zaɓe ko hukuncin kisa, kuma gwamnatin da ba ta son a bincike ta za ta sami abin cewa ko da alƙali ya manne wa zahirin nassi. Amma akwai bambanci na gaskiya tsakanin hukuncin da ya ɗauki tsohon haramci ya ɗora shi a kan sabon yanayi, kamar yadda aka faɗaɗa sirrin wasiƙa ya haɗa da wayar tarho da saƙon intanet, da hukuncin da ya ɗora wa ƙasa sabon aiki mai cin kuɗi da tsare-tsare, wanda a al'ada majalisar dokoki ce ke yanke shi. Na farko da wuya a yi jayayya da shi, domin wanda ya hana buɗe wasiƙar mutum a 1950 ba zai ce a saurari wayarsa ba. Na biyu yana buƙatar shaida mai ƙarfi da bayani mai gamsarwa, kuma idan kotu ta ce an yi ijma'i alhali ba a yi ba, ko ta ƙi ganinsa alhali ga shi, tana kashe amincin da za ta buƙata ranar da ƙarar azabtarwa ta zo gabanta.

Su ma ƙasashe suna da hanyar gyara a hannunsu, kuma sun bi ta a batun hukuncin kisa da ƙarin yarjejeniya ta 15. Wahalarta ita ce gyaran da ya taɓa jikin yarjejeniyar Turai yana buƙatar amincewar dukkan ƙasashen, waɗanda yanzu 46 ne bayan korar Rasha a 2022, kuma ƙarin yarjejeniya ta 15 ta ɗauki shekara takwas kafin ta fara aiki. Saboda haka gwamnatoci suka fi son hanyar matsin lamba. A watan Mayun 2025 shugabannin ƙasashe tara, Denmak da Italiya a kan gaba, sun fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman a sake duba yadda kotun ke fassara yarjejeniyar a batun korar baƙin da suka aikata laifi, kuma hujjarsu ita ce duniya ta canja tun bayan rubuta ta. Wannan ita ce hujjar Tyrer, an juyo da ita ta fuskanci wani ɓangare, kuma tana tilasta wa kotun ta amsa tambayar da ta daɗe ba ta fuskanta kai tsaye ba, wato ko yarjejeniyar da ke faɗaɗa idan ƙasashe suka ƙara kariya za ta iya tsukewa idan suka haɗu a kan rage ta, musamman a sashe na 3, wanda yarjejeniyar da kanta ta ce ba a jingine shi ko a lokacin yaƙi.